Dutse da Laka: Ina Tsoffin Masallatan Salaga Suka Tafi?

  Iyayenmu malamai da dattawa, a gafarce mu, yaro ne zai yi maganar abin da ya girmi kakansa.

Mai karatu, in ka taso kana kallon finafinan Indiya kamar yawancinmu, to ka san dogayen gine-ginen nan na dutse masu hawa-hawa da ake nunawa, wuraren bautar mabiya addinin Hindu. Wasunsu sun haura shekara 1000 suna tsaye. Tambayar da muka ɗora shirinmu a kanta ita ce: Salaga ta yi zamanin da fatake ke tahowa daga Kano da Barno da Tambutu saboda kasuwarta, dukiya ta ratsa ta iya ratsawa, malamai sun zauna a cikinta. To ina babban ginin da ta bar mana? Me ya sa nasu ya tsaya, namu ya kwanta? Bari mu bi abin daki-daki.

Mu fara leƙa Indiya

A kudancin Indiya, jihar Tamil Nadu, akwai gari mai suna Tanjabur. Nan ne wani sarki na daular Chola, Rajaraja na Ɗaya, ya gina wurin bauta da ake kira Birihadishwara, aka gama shi a shekarar 1010. Hasumiyarsa ta haura mita 60, kuma da dutse mai tauri aka yi ta tun daga tushe har ƙoli. Garin a fadamar kogin Kaberi yake, ba ƙasar manyan duwatsu ba ce, sai da aka jawo dutsen daga nesa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1987.

Tsarin irin wannan gini ya bambanta da na masallaci, kuma a nan ne ya kamata ka lura. Zuciyar ginin wani ɗan ƙaramin ɗaki ne mai duhu, suna ce masa garbagiriha, wato kamar ka ce ɗakin mahaifa. A ciki ake ajiye siffar abin bautarsu. Doguwar hasumiyar a kan wannan ɗan ɗaki take zaune, tana wakiltar dutse mai tsarki a aƙidarsu. A gabansa sai zauruka masu ginshiƙai, sai fili, sai katanga mai manyan ƙofofi. A arewacin Indiya, kamar a Kajuraho, hasumiyar lanƙwasa take yi tana tsukewa zuwa sama. A kudu kuwa hawa-hawa ake yi mata kamar dala. Daga baya mutanen kudu suka mayar da hankali kan hasumiyar ƙofa, har ta zo ta fi ta tsakiya tsawo. A Sirirangam irin waɗannan hasumiyoyin ƙofa 21 ne, kuma mafi tsawonsu sai a 1987 aka kammala ta.

Akwai ma wanda ba ginawa aka yi ba. Wurin bautar Kailasa da ke Elora, a ƙarni na 8, daga dutse guda aka sassaƙo shi, masassaƙa suka faro daga sama suna gangarowa. Salon ya ƙetare teku ma: a Kambodiya, Sarki Suryabarman na Biyu ya gina Angko Wat a farkon ƙarni na 12 don bautar Bishnu, daga baya wurin ya koma hannun mabiya Buda. Mu ma nan Gana muna da mabiya Hindu 'yan ƙasa. A unguwar Odorkor ta babban birninmu akwai gidan ibadarsu da aka kafa a 1975, ƙarƙashin Swami Ghanananda Saraswati, wanda ɗan Gana ne haifaffe.

Abu biyu nake so ka riƙe daga Tanjabur. Na farko, sarki ne mai ƙarfi ya tara ganimar yaƙi da harajin ƙasa ya zuba a gini guda. Rajaraja ya ci ƙasashe da yaƙi har arewacin Siri Lanka. Na biyu, bai tsaya ga ginin ba. An sassaƙa a jikin bangon jerin gonaki da dabbobi da zinariya da aka ware don hidimar wurin, da sunayen ma'aikata, har da mata masu rawar ibada kimanin 400. Wato tun ranar farko an tanadi wanda zai kula da shi da abin da zai ci. Har yau a kudancin Indiya al'ada ce a yi wa wurin bauta gyara da bikin sabuntawa kusan duk shekara 12. Ka ga ashe dutse ma sai da hannu.

Hanyar Gwanja

Yanzu mu dawo gida. Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Abin da ke jawo Bahaushe nan ba wani abu ba ne, goro ne. Goro a kurmin Asante yake fita, mu ce ƙasar Tonawa kamar yadda kakanni ke faɗi, amma ba a barin baƙo ya kutsa kurmi yadda ya ga dama. Sai a kawo goro bakin daji, fatake su zo su saya. A ƙarni na 19 Salaga ce babbar mahaɗar.

Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato ko Jega, ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba. Su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, ko su biyo ta ƙasar Gurma zuwa Mango, su sauka Yendi, sannan Salaga. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara a wannan fatauci. Suna kawo kanwa da jar fata da baƙin turkuɗi da riguna, su koma da goro a kan jakuna, tafiyar watanni. Wata hanyar kuma ta Mosawa ce, daga Wagadugu ta Tenkodogo, ta yankin Bawku da Gambaga, da shanu da tumaki da sawaye. Duk inda ayari ya saba yada zango, nan unguwa ke tsira. Kalmar zango da muke kiran unguwanninmu da ita yau daga nan ta samo asali.

Ba za mu ɓoye ɗaya fuskar ba. Salaga kasuwar bayi ce, babba ma kuwa. Bayan da Asante ta rinjayi Gwanja da Dagwamba a ƙarni na 18, ana biyan ta haraji har da mutane. A shekarun 1880 mayaƙan Zabarmawa irin su Babatu sun kamo mutane daga ƙasar Gurunsi an sayar a nan. Har yau akwai wurin da ake kira Wankan Bayi, sunan da Hausa yake, ba sai an fassara maka ba. Rijiyoyin da garin ya yi suna da su ma suna cikin wannan tarihin. Babatu kansa a Yendi ya ƙare, kabarinsa na can. To in muna alfahari da arzikin Salaga, mu tuna da waɗanda aka kawo ta a ɗaure.

Tare da fatake, malamai suka zo. Wangarawa ne suka fara shigo da Musulunci daga yamma, ta hanyar Jenne da Bego, Hausawa da Barebari suka biyo daga gabas. A Dagwamba, makaɗan tarihi suna ambaton Na Zangina a matsayin Ya Na na farko da ya karɓi Musulunci, wajen shekarar 1700 bisa lissafin masana. A kusa da Yendi akwai Kamshegu, inda riwaya ta ce malami ne daga ƙasar Katsina ya kafa zuriyar malamanta. A Pusiga kuwa, gab da Bawku, akwai wurin da ake girmamawa na Na Gbewa, kakan sarakunan Mamprusi da Dagwamba da Nanumba, wanda riwaya ke danganta kakanninsa da wani maharbi daga wajen Zamfara. Ka ga zumuncin ya daɗe.

To me ya hana a bar babban gini?

Ga yadda nake ganin lamarin, dalilai uku ne.

Na ɗaya, wa ke da mulki, wa ke da masallaci? A Tanjabur mai mulki da mai wurin bauta mutum ɗaya ne. A Zariya ma haka: Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, shi ya sa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a mai bakan gizo da ake ta labari. A Salaga fa? Sarkin ƙasa yana zaune a Kpembe, 'yar tafiya kaɗan daga gari, shi ke kan fata. Mutanen Salaga yawancinsu baƙi ne, kowace ƙabila da unguwarta da limaminta, kuma ribar fatauci gida ake kai ta. Attajirin goro a Kano yake gina soronsa. Malaman Wangarawa kuwa sun taso kan koyarwar Alhaji Salim Suware, wadda ta ce Musulmi ya zauna lafiya a ƙarƙashin sarkin da ba addininsu ɗaya ba, ya riƙe karatu da kyakkyawan hali, kada ya nemi mulki. Mutanen da ke kan wannan tafarki masallacin da zai ishe su salla suke ginawa, ba wanda zai yi gogayya da fada ba.

Na biyu, kayan gini da ruwan sama. Da laka muke gini. A Agadas, inda ruwan shekara ba ya kai milimita 200, hasumiyar laka mai tsawon mita 27 tana tsaye. An fara ta wajen 1515, aka sake gina ta a 1844. Mu kuwa a Salaga da Yendi ruwan shekara yakan haura milimita 1000. Ginin laka a ƙasarmu kamar jariri yake, damina biyu ko uku ka juya masa baya, ka dawo ka tarar da tudu.

Na uku, kuma shi ya fi ciwo, yaƙi. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi. Mutanen Gwanja ta gabas suka yi amfani da damar suka kakkaɓe hannun Asante, ita kuma ta toshe hanyar goro zuwa Salaga, ciniki ya karkata Kintampo da Atebubu. Sai 1892 rikicin sarautar Kpembe ya ɓarke tsakanin gidajen sarauta. Kabachewura Isifa ya zo da taimakon mayaƙa daga Nanumba da Dagwamba, aka ci garin, jama'a suka watse. Wasu suka nufi Kete Krachi, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu har bakin teku. Babban malaminmu Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga har ake kiransa da sunanta, ya rubuta labarin wannan fitina. Shi ma a Kete Krachi ya ƙare zamansa, ya rasu a 1934. Zangunan kudancin Gana da dama da mutanen Salaga suka cika.

Yendi ma ba ta tsira ba. A watan Disamba na 1896 Jamusawa suka gwabza da Dagwambawa a Adibo, suka shiga Yendi suka cinna mata wuta. A 1899 Ingila da Jamus suka raba yankin a kan takarda, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa Togo ta Jamus. Hanya ɗaya da kakanni ke bi da jakuna ta zama ƙasa biyu. To ka faɗa mini, masallacin laka da masu yaɓa shi suka watse, wa zai tsayar da shi?

Waɗanda suka rage

Amma ba duka aka rasa ba. Hukumar adana kayan tarihi ta Gana tana da jerin tsoffin masallatan laka da suka kai zamaninmu: Larabanga, Bole, Maluwe, Banda Nkwanta, Nakore kusa da Wa, da Wuriyanga. Ka lura, Salaga da Yendi ba sa ciki. Yawancinsu a ƙananan garuruwa suke, inda zuriya ɗaya ta zauna daram ba ta tashi ba.

Larabanga na kusa da Damongo, a bakin gandun dajin Mole. Riwayar garin ta kai ginin zuwa 1421, ta ce wani matafiyi Ayuba ne ya yi mafarki a wurin. Masana da dama sun fi karkata ga ƙarni na 17, zamanin Ndewura Jakpa wanda ya kafa Gwanja, lokacin da riwaya ta ce Malam Yidan Buraima, kakan Kamarawan garin, ya zauna a nan. Akwai tsohon Alƙur'ani da suke ajiye da shi, da kuka a jikin masallacin inda aka ce kabarinsa yake.

In ba ka taɓa zuwa ba, girmansa zai ba ka mamaki, don kimanin mita 8 ne tsawo, 8 faɗi. Falon wani attajirin ya fi shi. Hasumiya biyu gare shi masu tsini, ɗaya a kan mihrabi ta gabas, ɗaya ta ladan. Sai dogarai na laka da suka kewaye bangon, masu kauri a ƙasa, suna tsukewa zuwa sama har su wuce rufi. An shafe shi da farar ƙasa. Ƙofofinsa gajeru ne, sai ka sunkuya.

Kowane abu a jikinsa da aikinsa. Dogaran nan su ke tallafe bango, shi ya sa bangon ba sai ya yi kauri sosai ba. Tsininsu kuma yana sa ruwa ya zirare, bai samu wurin kwanciya ba. Itatuwan da ka ga sun fito tsiri-tsiri a jiki, baƙo yakan ɗauka ado ne. Ai tsani ne. A kansu mai yaɓe ke taka ƙafa in ya hau gyara, kuma suna ɗaure ginin. Wato magini tun yana gini ya san za a dawo, sai ya bar wa jikokinsa matakala. Rufin soro ne, itace aka jera aka daɓe da laka, da indararo mai zubar da ruwa nesa da bango. Tunda tsawon itace ke yanke faɗin ɗaki, cikin masallacin cike yake da ginshiƙai, sahu na bi ta tsakaninsu. Maginan Hausa sun warware wannan matsala da azara da bakan gizo, shi ya sa zauren Zariya ya fi faɗi da tsawo.

Wuriyanga kuwa, ku mutanen Bawku naku ne, yana yankin Garu da Tempane kusa da iyakar Togo. Salonsa daban ne. Ba shi da waɗancan dogarai masu tsini, bango ne mai kauri yake ɗauke da kansa, gini mai kusurwa huɗu da rufin soro da hasumiya a kan mihrabi. Yana kan tsohuwar hanyar fataken Mosawa. Mutum nawa ne cikinmu suka taɓa zuwa ganinsa?

Wannan salo dangi ne babba. Akwai Jingarebar ta Tambutu, ta wajen 1327, bayan dawowar Mansa Musa daga hajji. Akwai babban masallacin Jenne, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne. Akwai Gobarau a Katsina. A 2021 UNESCO ta sa masallatan laka 8 na arewacin Kwaddibuwa cikin kayan tarihin duniya, har da na Kong. Waɗannan 'yan'uwan Larabanga ne na jini, hanya ɗaya ta haife su.

Siminti, masoyin da ya yi ɓarna

A shekarun 1970 aka yi wa Larabanga abin da aka ɗauka gata ne, aka shafe jikinsa da siminti don a huta da yaɓe. Ga abin da ke faruwa in an yi haka. Bangon laka yana shan danshi daga ƙasa lokacin damina, ya fitar da shi ta jiki in rana ta fito. Siminti sai ya toshe wannan numfashi. Danshi ya taru a ciki, laka ta yi laushi, itace ya ruɓe, gara ta samu gida. Daga waje kana ganin bango sumul, ciki kuwa ya zama kunu. Siminti da laka kuma ba sa miƙewa tare in zafi ya taso, sai tsaga ta fito, ruwa ya shiga ya kasa fita. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A 2002 wata ƙungiyar kare gine-ginen tarihi ta duniya mai mazauni a Amurka ta sa Larabanga cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, kuma a watan Satumba na shekarar guguwa da ruwa suka rusa hasumiya da mihrabi. Hukumar kayan tarihi ta Gana, da masana ginin ƙasa na cibiyar CRAterre ta Faransa, da maginan garin suka haɗu. Me suka yi? Suka ɓamɓare simintin kakaf, suka canja ruɓaɓɓun itatuwa, suka sake gini da yaɓen laka irin na da. Wato bayan an zagaya duniya, maganin dai shi ne abin da kakanni suka sani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Bole ba ta yi wannan sa'a da wuri ba. A daminar 2023 ruwa mai ƙarfi ya rusa wani sashe na tsohon masallacinta, hotuna suka yi ta yawo a waya, kowa na salati. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka.

Kada a ce na ƙi sabon gini

Jama'a sun yi yawa, masallaci mai mita 8 ba zai ɗauki Juma'ar Yendi ba. Babban masallacin ƙasa da Turkawa suka taimaka aka gina a Kanda, aka buɗe a 2021, abin farin ciki ne ga Musulmin Gana. Amma ba dole sai an rusa tsoho kafin a gina sabo ba. Fili bai ƙare mana ba. Kano ta maye tsohon masallacinta na laka da na siminti a farkon shekarun 1950, yanzu sai a hoto. A Zariya an rufe abin da ya rage na aikin Babban Gwani a cikin sabon gini a shekarun 1970, ko ba komai an yi shekaru ana shiga ana ɗaga kai ana ganin bakan gizon.

Kuma laka ba ta zama tsohon yayi ba. A ƙauyen Yama, jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a na laka a 1962, mutanen gari suka yi ta kawo ruwa da ƙasa da itace. A 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan, wadda manyan masu zanen gini na duniya ke nema. A Jenne kuwa duk shekara gari ke fitowa rana guda, samari na ɗaukar laka da gudu, mata na kawo ruwa, dattawan magina na nuna inda za a shafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan ne ya kawo ni ga maganar da ta fi nauyi. Yaɓe aikin gayya ne, kuma ba a gayya a garin da ake gaba. Abin da ya kwantar da Salaga a 1892 rikicin sarauta ne. Yendi ta ɗanɗana nata a watan Maris na 2002, lokacin da aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu, fadar Gbewa ta ƙone, sai a Janairun 2019 aka naɗa Ya Na Abukari na Biyu. Mutanen Bawku kuwa ba sai na gaya muku abin da dokar hana fita ke yi wa kasuwa da makaranta da sallar asuba ba. Ba aikin wannan shiri ba ne ya ce wane ke da gaskiya. Tarihi dai ya nuna cewa in gari ya watse, ba gini kaɗai ke faɗuwa ba, har wanda ya san yadda ake gina shi tafiya yake yi.

Abin da ke hannunka

Mai karatu, ba sai kana da kuɗin Rajaraja ba. In akwai tsohon masallaci ko zaure ko soron laka a unguwarku, ka duba indararonsa kafin ruwan farko, ka cire ciyawar da ta tsiro a rufi, ka gyara magudana kada ruwa ya kwanta a gindin bango. In kwamitin masallaci ya kawo shawarar siminti, ka ba su labarin Larabanga cikin ladabi. In akwai tsohon magini a garinku wanda ya san yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, da yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a yi makuba don ruwa ya zame, ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka kunna wayarka ka naɗi bayaninsa. Ku 'yan makaranta, ku tambayi limamin unguwa wa ya fara gina masallacinku, a wace shekara, limamai nawa aka yi, ku rubuta a ajiye. Mutanen Tanjabur sun san sunan ma'aikatan shekara 1000 da suka wuce saboda wani ya zauna ya rubuta.

Masu saurarenmu na Togo da Burkina Faso, in akwai irin wannan gini a garinku, ku aiko mana da hotonsa da abin da dattawa suka ce a kansa, za mu karanta a shiri. Allah ya jiƙan magabata, waɗanda suka zo da jakuna da waɗanda aka kawo a ɗaure. Allah ya zaunar da garuruwanmu lafiya.